Ƙafa ta sandare a hankali: a duba dangin uwa

A Kotobabi, kamar Nima da Maamobi, idan saurayi ɗan shekara 25 ko 30 ya fara jan ƙafa, ƙafafun suna sandarewa, fitsari yana kufce masa, abin da na fi ji shi ne "an yi masa sammu". Ni kuwa tambayar da nake so a fara yi ita ce: cikin 'yan'uwan mahaifiyarsa maza, akwai wanda ya yi irin wannan?

Ga dalilina. Jijiyoyin laka suna da rufi mai maiƙo da ake kira miyalin, kamar robar jikin wayar lantarki. Wasu ƙwayoyin halitta ne masu suna giliya ke hidimar wannan rufi. Likitan Jamus Rudolf Virchow, wanda ya raɗa musu suna, ya ɗauka danƙo ne kawai mai riƙe jijiyoyi. Ashe su ne ma'aikatan gidan: oligodendirosait ke naɗe jijiya da miyalin, astirosait na ciyar da ita, maikirogiliya na kwashe shara.

Akwai ciwon gado da likitoci ke taƙaita sunansa da ALD. Ƙwayar gado mai suna ABCD1 ce ke samun tangarɗa, sai wani irin kitse ya yi ta taruwa cikin waɗannan ƙwayoyi. A laka, dogayen jijiyoyin da ke sauka zuwa ƙafa su lalace, astirosait su cike gurbin da tabo. Saƙo ya daina isa. Uwa ce ke ba ɗa namiji, kowane ɗa kuma rabi da rabi ne. Uba ba ya ba ɗansa namiji. Kada a ga laifinta fa, ita ma gada ta yi, kuma ƙafa na iya kama ta idan shekaru suka ja.

Lakar ba ta da maganin warkewa tukuna, gaskiya ke nan. Amma ciwon kan taɓa adirenal, 'yan ƙululun da ke saman ƙoda: fata ta ƙara duhu, ga kasala, ga amai. Wannan yana kisa, alhali ƙwayar haidirokotizon na riƙe shi. Yara maza 'yan shekara 4 zuwa 10 kuma yakan hau musu ƙwaƙwalwa, inda dashen ɓargo ke taimakawa idan an gano da wuri.

Likitocin jijiya suna Korle Bu. Mai zuwa ya tafi da lissafin kawunnai da 'ya'yan innoni, har waɗanda suka rasu suna yara.