Giciye a Kan Tutar Jam'iyya

Abin da ake kira kishin ƙasa na Kirista ra'ayi ne mai cewa ƙasa mallakar Kirista ce, mulki da doka su zauna a hannunsu, sauran jama'a kuwa baƙi ne da ake haƙuri da su. Kada mu haɗa shi da Kirista ya ƙaunaci ƙasarsa, ko ya jefa ƙuri'a bisa lamirinsa.

A Amurka ra'ayin ya cuɗanya da launin fata. A zaɓen 2016, kusan takwas cikin goma na Turawan ikilisiyoyin bishara sun zaɓi Donald Trump, alhali mafi yawan Kirista baƙar fata, masu karanta Littafi Mai Tsarki ɗaya da su, suka bi ɗaya ɓangaren. Ashe ba bangaskiya kaɗai ke jefa ƙuri'ar ba. Ranar 6 ga Janairu 2021, cikin waɗanda suka afka wa majalisar dokokin ƙasar har da masu ɗauke da giciye.

Me ya shafe mu a yammacin Katsina? Ra'ayin yana iso mana ta waya. A 2025 Trump ya sa Najeriya cikin ƙasashen da ake tauye 'yancin addini, yana cewa ana kashe Kirista. Ana kashe su kuwa, a Filato da Binuwai da kudancin Kaduna, ba mu musanta ba. Amma faston da ke hidima kusa da dajin Rugu ya san cewa waɗanda 'yan bindiga suka hallaka a Tsauwa da Dankar ta Batsari a Fabrairun 2020, da manoman Safana da aka raba da gonakinsu, galibinsu Musulmi ne. In muka hau mumbari muka ƙirga namu mamatan kaɗai, maƙwabcin da muka yi gudun hijira tare yana ji.

A wurinmu ƙabila ce ke tsayawa a matsayin launin fata. A zaɓen 2023, da APC ta tsayar da Tinubu da Shettima, duka Musulmi, ikilisiyoyi da dama suka karkata ga Peter Obi. Cikin zafin kamfen an riƙa magana kamar kowane Bahaushe Musulmi ne, kowane Kirista kuma ɗan wata ƙabila. To, dattijon ikilisiyarmu da kakanninsa Maguzawa ne, wanda da Hausa yake addu'a, ɗan'uwansa uwa ɗaya kuma yana limanci a unguwa, a wane layi aka ajiye shi?