Zaɓen Ƙa'idar Sadarwa ga Na'urorin Gida Masu Sarrafa Kansu: Nazari kan Masaukan Alhazai a Makka

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi ƙa'idojin da na'urorin gida masu sarrafa kansu ke sadarwa da su, ta kuma auna su da yanayin masaukan alhazai a Makka. Ta nuna cewa ginin da cinkoson jama'arsa su ne ya kamata su jagoranci zaɓi.

Gabatarwa

Ƙa'idar sadarwa ita ce tsarin da ma'aunin zafi, makullin ƙofa da na'urar sanyaya ɗaki suke bi wajen aika wa juna saƙo. A Makka batun ya shafi lafiya kai-tsaye. A Hajjin 2024 alhazai sun haura miliyan 1.8, zafi kuma ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami. Idan saƙon kunna na'urar sanyaya ɗaki ya ɓace a irin wannan rana, tsoho da mara lafiya ne za su ji a jikinsu.

Cinkoson zango

Wi-Fi, Bluetooth, Zigbee da Thread duk suna aiki a kan zangon gigahaz 2.4. A wannan zango tashoshi uku kaɗai Wi-Fi ke da su da ba sa hawa kan juna: 1, 6 da 11. A benen alhazai na unguwar Misfala ko Aziziyya, inda kowane ɗaki ke cike da wayoyi, zangon kan cushe. Zigbee da Thread suna da tashoshi 16, daga 11 zuwa 26, don haka masu haɗa su kan zaɓi ta 15, 20 ko 25, waɗanda suka faɗo a gefen tashoshin Wi-Fi. A shekarar 2021 Saudiyya ta buɗe zangon gigahaz 6 gaba ɗaya ga Wi-Fi, abin da ke ba da damar mayar da sababbin wayoyi can, a rage wa ƙananan na'urori cinkoso.

Bango da wutar lantarki

Z-Wave na aiki ƙasa da gigahaz ɗaya, saboda haka ya fi ratsa bangon kankare. Sai dai nau'insa na asali ba ya ɗaukar fiye da na'urori 232 a tsari guda, kuma zangonsa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: na Amurka megahaz 908 ne, na Turai 868, kuma ba sa jin juna.

Zigbee da Thread sun dogara ga tsarin raga, inda na'urorin da ke jone da lantarki ke miƙa saƙon maƙwabtansu. Masu batir kuwa barci suke yi don tattali. A nan akwai tarko. Otal-otal da dama na yanke wutar ɗaki da zarar baƙo ya zare katinsa. Da an kira salla, alhazai kan fita zuwa Harami kusan lokaci guda, sai masu miƙa saƙon su mutu tare, ragar ta yage. Maganin shi ne a kafa su a farfajiya, kan layin wutar da ba ya yankewa.

Matter da KNX

Matter, wanda ya fito a Oktoban 2022, ba zango ba ne. Harshe ne na bai-ɗaya da ke hawa kan Wi-Fi, Thread ko wayar Ethernet, yana kuma aiki a cikin gida ko da intanet ta katse. KNX kuwa ya fi amfani da waya a cikin bango, don haka cinkoson zango ba ya taɓa shi, amma shigar da shi tsohon gini na buƙatar fasa bango da kashe kuɗi mai yawa.

Kammalawa

Ga sabon bene mai ɗaruruwan ɗakuna, waya ta fi dacewa da sanyaya ɗaki da fitilu. Ga tsohon masauki, Thread ko Zigbee sun wadatar, muddin an zaɓi tasha da kyau. A bar wa Wi-Fi kyamara da sauran masu ɗaukar bayanai da yawa. Kowane tsari aka zaɓa, a gwada shi a Ramadan ko Zulhajji, lokacin da ginin ya cika maƙil, domin gwajin da aka yi a ɗakunan da babu kowa ba ya nuna komai game da ranar cinkoso.