Iyakar Ƙirƙirarriyar Basira a Aikin Rubuta Manhaja

Tun daga shekarar 2021, lokacin da kamfanin GitHub ya fito da Copilot, masu rubuta manhajar kwamfuta suka samu mataimaka na ƙirƙirarriyar basira da ke tsara musu layukan umarni cikin daƙiƙu. Sai dai waɗannan mataimaka, waɗanda aka horar da su da tarin abin da mutane suka riga suka rubuta, ba su da masaniyar ko abin da suka fitar daidai ne, domin aikinsu shi ne kintatar abin da ya fi dacewa ya biyo baya. A shekarar 2021 ɗin ce masu bincike a Jami'ar New York suka gwada Copilot, suka tarar kusan kashi 40 cikin ɗari na shirye-shirye 1,689 da ya rubuta suna da kafar da masu kutse za su iya bi.

Abin da ya fi ban tsoro shi ne batun ƙunshi, wato guntun manhaja da wani ya riga ya rubuta ya ajiye a rumbun intanet domin kowa ya ɗauka ya haɗa da nasa aikin. Mataimakin kan ƙago sunan ƙunshin da babu shi, kuma sau da yawa yakan maimaita sunan ga mutane daban-daban, wanda hakan ke ba mugu damar yin rajistar sunan ya cusa masa cuta ya zauna jira. Wani mai binciken tsaro, Bar Lanyado, ya ɗora ƙunshi fanko da irin wannan suna, huggingface-cli, kuma cikin wata uku aka sauke shi fiye da sau 30,000, alhali babu komai a ciki. Saboda haka duk sunan da na'ura ta bayar sai an duba wanda ya wallafa shi da tarihinsa kafin a girka.

Ko saurin da ake yabawa ma yana da ayar tambaya, domin a gwajin da cibiyar METR ta yi a 2025 da ƙwararru 16, aikin ya ɗauke su ƙarin lokaci da kashi 19 cikin ɗari idan suna amfani da mataimakin, su kuwa suna zaton sauri suka ƙara.