Gaskiya ko Jita-jita: Maganganun da Ake Yi Kan Ƙara Murya da Rage ta a Kayan Sautin Gida

A zamanin rediyo mai kaset maɓalli ɗaya ne: a murɗa dama murya ta tashi, a murɗa hagu ta sauka, magana ta ƙare. Yanzu kuwa waƙa ko karatu ko wa'azin da mutum ya kunno daga Spotify, Boomplay, Audiomack ko YouTube sai ya bi ta hannu uku ko huɗu kafin ya iso kunne. Manhajar tana da nata ma'aunin murya, wayar tana da nata, sifikar Bluetooth ko akwatin da ke jawo sauti daga intanet yana da nasa, amfilifaya ma haka. Kowannensu ya tara nasa zantukan. Wasu daga bakin 'yan kasuwa suka fito, wasu daga masu gyara, wasu kuma gaskiya ne a da, sai zamani ya wuce su amma ba a daina faɗarsu ba.

"Lamba 50 rabin ƙarar lamba 100 ce"

Jita-jita ce, kuma ita ce uwar sauran. Kunnen ɗan Adam ba ya lissafi irin na mudu, shi ya sa ake auna sauti da desibel. In aka ninka ƙarfin wutar da ke shiga sifika sau biyu, desibel 3 kawai ake samu, ƙarin da mai sauraro zai ji ya ce an ɗan taɓa. Kafin ya ce ƙarar ta ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wato an ninka ƙarfin sau goma. Lambar da ke kan allo kuwa kamfanin da ya ƙera na'urar ne ya tsara ta yadda ya ga dama, don haka 30 a wata sifikar na iya fin 60 a wata.

Masu manyan amfilifayoyin falo irin na Denon ko Yamaha sukan sha mamaki in suka ga murya na farawa daga ƙasa da sifili, kamar -60, tana hawa zuwa -30, har wani ya ɗauka an sayar masa da mai matsala. Lafiyarta ƙalau. Lambar tana faɗin desibel nawa aka rage ne daga wani matsayi da aka ɗauka a matsayin sifili. A na'urar da aka daidaita da ɗakin, sifilin nan shi ne matakin gidan silima, inda sauti kan tsaya wajen desibel 85, ya iya tashi har 105 in an zo wurin harbi ko fashewa. Ba kowane falo ne zai ɗauki wannan ba, balle maƙwabta.

Daga nan ake gane dabarar da ke jikin kwalin kayan sauti. An rubuta wat 5000 da manyan baƙaƙe, a gefe kuma ƙananan haruffa huɗu, PMPO. Babu wata ƙa'idar awo da aka yarda da ita a bayan waɗannan haruffa, kowane kamfani abin da ya yi masa daɗi yake rubutawa. Lambar da za a iya dogara da ita ita ce ta ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa ba tsayawa, wadda akan rubuta RMS a gabanta. Irin wannan ƙarin gishiri ne ya sa hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta kafa doka tun 1974 kan yadda za a bayyana ƙarfin amfilifaya. Mai saye a kasuwar Sabon Gari ko ta Alaba ba ya bukatar doka: ya juya bayan na'urar ya duba wutar da take ja daga bango. Abin da ke jan wat 60 ba zai ba da 5000 ba. Ko da lambobin na gaskiya ne ma, tsakanin amfilifaya mai wat 50 da mai 100 desibel 3 ne kacal, kuma sifika mai saurin amsawa, wadda ke ba da desibel 90 da wat ɗaya, ta riga ta cike wannan giɓin a kan mai ba da 87.

"Rage murya daga waya yana lalata sauti, a ƙure ta, a riƙa ragewa daga amfilifaya"

Wannan tana da asali, shi ya sa take da wuyar mutuwa. Sautin dijital lambobi ne, kuma rage murya a manhaja lissafi ne: ana rage girman lambobin. Faifan CD yana ajiye sauti da bit 16, kowane bit ɗaya yana ɗauke da kusan desibel 6, jimilla kusan 96 tsakanin mafi ƙanƙantar sauti da mafi girma. A tsofaffin kwamfutoci da na'urorin da ke yin lissafin a cikin bit 16 ɗin nan, duk desibel 6 da aka rage an zubar da bit ɗaya ke nan. Wanda ya rage desibel 30 ya yi asarar bit biyar, kuma mai kunne zai iya jin ƙazanta a wuraren da waƙa ta yi laushi. Masu wannan gargaɗi a wancan lokacin ba su yi ƙarya ba.

Na'urorin yanzu galibi da bit 24 ko 32 suke lissafin. Bit 24 ya fi 16 da takwas, wato akwai sararin desibel 48 da za a iya saukar da waƙa mai ingancin CD ba tare da an yanke mata komai ba. Balle abin da yawancinmu ke saurare, wanda aka riga aka matse don ya yi sauƙin saukowa ta data. Shi kuma maɓallin murɗawa da ake yabo yana da nasa aibin. A ƙasan zangonsa sau da yawa gefe ɗaya kan fi ɗaya ƙara, kuma in ƙurar hunturu ta shige shi sai ya fara ƙarar-ƙarar duk lokacin da aka taɓa.

Sauran gaskiyar da ke cikin maganar ita ce: kowace amfilifaya tana da 'yar shuuu ɗinta da ba ta rabuwa da ita. In aka danne waya ƙasa sosai, sannan aka ƙure amfilifaya don a cike, wannan shuuu ɗin ce za ta taso. Akwai kuma hatsarin da ya fi wannan: a bar amfilifaya a ƙure, wani ya zo ya haɗa tasa wayar da ke cike, ko saƙo ya shigo da ƙara. A ganina abin da ya fi hankali shi ne a kai wayar kusa da ƙarshe, a saita amfilifaya a iyakar ƙarar da ake so a taɓa ji a gidan, a ƙyale ta nan, sannan a riƙa ragewa da ƙarawa daga waya ba tare da fargaba ba.

Masu akwatunan jawo sauti irin su WiiM, Sonos Port ko Bluesound Node su lura da abu ɗaya. A saitinsu akwai zaɓi tsakanin murya tsayayya da mai canzawa. Tsayayyar tana tura sauti a cike, ta bar wa amfilifaya aikin ragewa. Wanda ya zaɓe ta alhali sifikunsa ba su da maɓallin kansu, waƙar farko za ta fito da duk ƙarfin da suke da shi.

A Bluetooth ma sau da yawa gardamar ba ta da tushe. Yawancin wayoyi da sifikun yanzu sun haɗe muryarsu wuri ɗaya: in ka danna a waya, umarni kawai take aika wa sifikar, ita ce ke ragewa. In haɗin ya zo da matsala, mataki ɗaya ya yi ƙasa da yawa, na gaba ya yi sama da yawa, wayoyin Android suna da wurin raba su a cikin saitin masu ƙera manhaja.

"Ƙara murya na cinye data"

Jita-jita zalla. Data tana bin ingancin da aka zaɓa ne. A Spotify matsakaicin mataki kilobit 96 ne a daƙiƙa, wajen megabayit 43 a awa. Mafi girman matakin matsattsen sauti 320 ne, wajen megabayit 144. Ko a ƙure ko a yi shiru, abin da zai sauko ke nan. Batirin sifika dai shi kam yana jin jiki.

"Babbar amfilifaya ce ke ƙona sifika, ƙarama ba ta da hatsari"

Rabi da rabi. Babbar tana iya ƙonawa in an matsa mata, babu musu. Amma a shagon mai gyara za ka tarar da sifikun da ƙananan amfilifayoyi suka kashe. In aka nemi na'ura ta ba da abin da ya fi ƙarfinta, sai ta riƙa gutsure kan igiyar sautin, kamar dogon mutumin da aka tilasta wa tsayuwa a ɗaki mai gajeren rufi. Sautin da aka gutsure yana ɗauke da zafi fiye da na asali, da kuma ƙarin sirarar ƙara mai kaifi, kuma ƙaramar sifikar da ke fitar da siririyar murya ita ce ke fara mutuwa, don wayar da aka naɗa a cikinta ba ta da kauri.

Alamar ba ɓoyayya ba ce: murya ta fara tsagewa, ganga ta koma kwas-kwas. Da an ji haka a sauko, ko da lambar 60 take nunawa. Abubuwa uku ne ke kawo wannan da wuri. Ƙara bes da desibel 6 yana neman ƙarfi ninki huɗu a wannan zangon. Manhajoji irin VLC suna barin mutum ya wuce kashi 100, abin da ke da amfani ga rikodin da aka ɗauka a raunane, amma yake tsaga wanda ya riga ya cika. Sai kuma wutar da ta yi ƙasa, ta layi ko ta ƙaramin janareta, wadda ke sa amfilifayoyi da yawa su gaza tun ba a je ko'ina ba.

"Daidaita ƙarar waƙoƙi da manhaja ke yi yana kashe armashin waƙa"

Tun daga shekarun 1990 kamfanonin waƙa suka shiga gasar wa ya fi ƙara. Akan matse waƙa har laushinta da ƙarfinta su kusa zama ɗaya, don ta danne ta gabanta a rediyo. Abin ya kai maƙura a 2008 da kundin Death Magnetic na ƙungiyar Metallica, lokacin da masoyansu suka gano cewa waƙoƙin da aka saka a wasan bidiyo na Guitar Hero sun fi na faifan da suka saya tsabta. Kafin nan, a 2006, hukumar sadarwa ta duniya ITU ta fitar da hanyar auna ƙara yadda kunne ke jin ta, wadda ta haifar da ma'aunin LUFS. Gidajen rediyo da talabijin na Turai suka tsayar da -23 a 2010, shekarar da majalisar Amurka ta yi dokar hana talla fin shiri ƙara a talabijin.

Spotify ta tsaya a -14. Abin da take yi a matakin da ta saba shi ne ta auna waƙar gaba ɗaya, ta sauke ta ko ta ɗaga ta baki ɗaya, kamar yadda hannunka zai yi a kan maɓalli. Ba ta taɓa cikin waƙar. Inda zargin ya yi gaskiya shi ne matakin mai ƙarfi, na -11, wanda ke danne kololuwar waƙoƙi masu laushi don ya samu ɗaga su. Akwai kuma na -19 don wurin da babu hayaniya. Kamfanin da kansa ya ce wannan daidaitawa ba ta aiki a burauza da na'urorin wasu kamfanoni kamar talabijin, wanda shi ne dalilin da waƙa ɗaya kan yi tsalle a talabijin amma ta zauna lafiya a waya.

To me ya sa mutum ke kashe saitin ya rantse sauti ya gyaru? Don ya ƙaru ne. A 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken Bell suka nuna cewa in sauti ya yi ƙasa, kunne yana fara rasa bes kafin ya rasa muryar mutum. Ƙari kaɗan sai waƙa ta ji kamar ta cika ta yi kauri. Mai shagon da ya ɗan ɗaga muryar sifikar da yake so ka saya ya san wannan, ko bai taɓa jin sunan Fletcher ba. Duk gwajin da ba a daidaita ƙarar kayan biyu ba, ba gwaji ba ne.

"In kunne bai yi zafi ba, ba a yi ɓarna ba"

Wannan ce kaɗai a cikinsu da mai gyara ba zai iya yi wa komai ba. Zafi ba ya zuwa sai wajen desibel 120, ɓarna kuwa tana farawa tun can ƙasa, kuma lokaci ne ke tara ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar babba a desibel 80 na awa 40 a mako, yara kuma 75. A desibel 90 awa 40 ɗin nan ta koma huɗu. A 100 ba ta kai rabin awa ba. Hukumar ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya ne ke cikin hatsarin raunin ji saboda yadda suke sauraro. Siraran ƙwayoyin da ke cikin kunne suna karɓar sauti, in sun mutu ba sa sake tsirowa a jikin ɗan Adam.

Abin da ake kira "kunne ya saba" gajiya ce. Bayan awa guda ana jin ƙara sai ta zama kamar ta ragu, a ƙara, ta sake raguwa, a sake ƙarawa. Wanda ya kashe kaya ya ji kunnensa na ƙugi ko ya toshe, ya wuce gona da iri a ranar. Gwajin da ba ya bukatar na'ura shi ne: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke kusa da kai, tazarar hannu ɗaya, ya ji ka, ƙarar ta kai inda take cutarwa.

Manhajar Sonos tana da wurin sa iyakar da murya ba za ta wuce ba, amfilifayoyin falo da yawa ma haka, kuma gidan da yara ke riƙe rimot ya fi kowa bukatar wannan. A tuna kuma ƙara tana ƙaruwa ne yadda ake matsowa: a fili, duk rabin tazarar da aka rage ƙarin desibel 6 ne. Maigida yana kan kujera can ƙarshen falo yana ganin murya daidai take, yaron da ke zaune a ƙasa gaban talabijin, kansa dab da sifika, abin da yake sha daban ne.