Layin Masu Kyamara a Shinjuku

Tashar jirgin ƙasa ta Shinjuku da ke birnin Tokiyo tana ɗaukar fasinja sama da miliyan 3 a kowace rana, kuma babu tashar da ta kai ta cunkoso a duniya. In ka samu ka kuɓuta daga wannan cincirindon ta ƙofar yamma, tafiyar 'yan mintuna za ta kai ka wasu ƙananan layuka da ke maƙale a gindin dogayen benaye. A nan kasuwar kyamara take. Ba ta da katanga, ba ta da ƙofa, ba ta da sarkin kasuwa. Shaguna ne birjik, wasu a bakin titi, wasu a hawa na biyu ko na uku, wasu kuma sai ka gangara ƙarƙashin ƙasa ta wata siririyar matakala.

Sautu ne ya kai ni. Ɗan yayata yana ɗaukar hoton biki da suna a Kano da wata Nikon D3300, irin kyamarar da ake fara sana'a da ita. Da ya ji zan yi tafiya, ya zo har gida ya ce, “Kawu, gilashi nake so, guda ɗaya wanda zai yi mini komai. Na gaji da wanda ya zo da kyamarar.” Har suna ya rubuto mini a takarda: Tamron 18-400.

Unguwar ba ta daɗe da zama haka ba. Inda benayen nan suke, har da ginin gwamnatin birnin da aka buɗe a 1991, a da matatar ruwa ce mai suna Yodobashi, wadda aka rufe a 1965. Daga sunan wurin babban kantin layin ya samo nasa. Terukazu Fujisawa ne ya kafa kamfanin a 1960, kuma a 1975 ya buɗe kantinsa na ƙofar yamma. Yau Yodobashi Camera ya mamaye gine-gine da dama a layin, wannan na kyamara, wancan na agogo, na gaba na kwamfuta da waya. Waƙar tallarsu tana tashi daga lasifika tun safe har dare, a kan karin wata tsohuwar waƙar yaƙi ta Amurka. Duk sabuwar kyamarar da ke kan kanta an kunna ta, an ɗaure ta da 'yar igiya, kowa ya ɗauka ya leƙa ya ajiye, babu mai harararsa.

Amma sabon kaya ba shi ne ruhin layin ba. A shekarar 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori kusan miliyan 121. Zuwa 2023 adadin bai kai miliyan 8 ba, domin wayar hannu ta cinye kasuwar ƙananan kyamarori. Sannan a 2018 Canon da Nikon suka fito da sababbin kyamarori marasa madubi a ciki, masu sabon bakin ɗaura gilashi, mutane suka yi ta sauya sheƙa suna kawo tsofaffin kayansu. Abin da ya cika kabad-kabad ɗin layin ke nan: kayan hannu, waɗanda su suke kira chuko. Map Camera, wanda aka buɗe a 1994, ya raba benensa ne bisa kamfani, kowane hawa da nasa. Ban da shi akwai ƙananan shaguna da ba su fi ɗakin gwauro ba, kaya tun daga ƙasa har rufi, mutum biyu ba sa gilmawa sai ɗaya ya karkace.

Abin da ya tsayar da ni a shagon farko 'yar takardar da ke rataye a jikin kowane gilashi ce. Ban iya karanta rubutunsu ba, sai abokin tafiyata, wanda ya yi shekaru a ƙasar, ya riƙa fassara mini. A sama farashi, a ƙasa daraja: wasu shagunan da haruffa suke yi, A, AB, B, wasu kuma da kalmomi, daga “kamar sabo” zuwa “mai kyau” zuwa “madaidaici” har zuwa “mai matsala”. Ƙarƙashin wannan sai aibin kayan, ɗaya bayan ɗaya. Akwai 'yar ƙura a ciki. Akwai karce a jikin robar. Marfin baya ba nasa ba ne. Kalmomi biyu ne suka fi yawo a bakin masu saye da masu sayarwa: kabi, wato fumfuna, da kumori, wato hazon da ke rufe gilashi daga ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to a nan mai ɗakin da kansa yake nuna maka wurin tun ba ka tambaya ba. Shi ya sa ba a ciniki. Ba taya, ba albarka, ba sallamawa. An riga an cire kuɗin aibin daga farashi, kuma shaguna da yawa suna ba da garanti na wata shida, wasu har shekara. Ni da na tashi ina ganin yadda ake rantsuwa a kan kayan da mai shi ya san lalatacce ne, wannan takarda ta burge ni fiye da duk wata na'ura da na gani a birnin.

A wani ƙaramin shago da ke hawa na biyu na miƙa takardar sautuna. Mai shagon dattijo ne mai furfura, da farin ƙyalle a aljihun gaba. Ya duba sunan, ya ce yana da shi, amma bai tashi ya ɗauko ba. Sai ya tambaya: wace kyamara ce, kuma me mai ita yake ɗauka? Na ce biki. Ya ce a waje ko a cikin ɗaki? Da rana ko da dare? Na ce galibi da dare ne, a zauren taro, wani lokaci a tsakar gida da hasken janareta. Ya gyaɗa kai, ya buɗe kabad ya jera gilasai uku a kan wani tattausan faifai.

Lambobin da ke jikin gilashi iri biyu ne, kuma duk rikicin zaɓi a tsakaninsu yake. Na farko, masu milimita, su ke faɗin abin da gilashin yake gani: ƙaramar lamba tana kwaso faɗi, babba tana jawo nesa kusa. Gilashin zum shi ne wanda ake murɗa shi ya tashi daga wannan zuwa wancan. Ƙananan kyamarori irin ta ɗan yayata faifan da ke kama musu haske bai kai girman fim ɗin da ba, don haka ana ninka lambar sau 1.5 a Nikon, sau 1.6 a Canon. Ke nan 18 tana aiki kamar 27, wanda ya isa ya kwashi dangin amarya gaba ɗaya, 400 kuma kamar 600, wanda zai kamo fuskar mahayi daga can ƙarshen fili. Lamba ta biyu, wadda ake rubutawa da harafin f, ita ce faɗin ƙofar da haske ke shiga, kuma a juye take: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Gilashi mai f/2.8 yana shigar da haske ninki 4 na mai f/5.6.

Dattijon ya fara ɗaukar Tamron ɗin ya murɗa shi har ƙarshe. Ya miƙe zoƙoƙo, ya kusa ninka tsawonsa. Gilashi ne na ban mamaki, a 2017 ya fito, yana jawowa fiye da sau 22, kuma kamfanin ya daɗe a wannan fage, tun 28-200 ɗinsa na 1992. Sai ya ɗora yatsa a kan lambar ƙarshe, f/6.3. Ma'ana duk lokacin da ka jawo nesa, ƙofar haske tana tsukewa. A fili da rana tsaka babu damuwa. A zauren biki da dare kuwa, ko dai kyamara ta daɗe tana tara haske, mai rawa ya fito a goge, ko ta ƙara wa faifan ƙarfi, hoto ya fito da tsakuwa-tsakuwa. Ba a tauna taura biyu: nisa da haske ba sa haɗuwa a gilashi ɗaya sai ya yi nauyi da tsadar da ta fi ƙarfin mai farawa.

Gilashi na biyu Nikon 18-140 ne, wanda ya fito a 2013, nauyinsa bai kai rabin kilo ba, yana da na'urar da ke rage rawar hannu. In da kaina nake saya wa, shi zan ɗauka. Ga matafiyi, ko uban da ke son hoton yaransa, ko ɗalibin da bai riga ya san inda zuciyarsa ta karkata ba, ban ga abin da ya fi irin wannan matsakaicin ba, shi ko takwaransa na Canon, 18-135. Ya fi na cikin kwali, wato wanda ke zuwa da kyamara, nisa sosai, bai kuma kai dogayen nan wahala ba.

Na uku shi ne mafi gajarta a cikinsu: Sigma 17-50, mai f/2.8 tun daga farko har ƙarshe. A takarda kamar ma ci baya ne, domin wanda ya zo da kyamarar 18-55 ne. Dattijon ya ɗaura shi a wata kyamara irin tamu, ya nuna mini lungu mafi duhu a shagon, inda abokina ke tsaye, ya ce in ɗauka. Ya sauya ya sa na cikin kwali, na sake ɗauka. Da ya buɗo hotunan biyu a kan allo babu sauran magana. A na farko har zaren hular abokina ana gani, bayansa kuma ya narke ya yi laushi. A na biyu fuskar ta dusashe, tarkacen kabad sun fito suna gasa da ita. Ya kifa gilashin ya nuna mini rubutun ƙasar da aka ƙera shi. Sigma duk gilasanta a masana'anta ɗaya take yin su, a Aizu da ke yankin Fukushima.

Akwai wani tarko da ya nuna mini wanda ya kamata duk mai ƙaramar Nikon ya sani. Bakin kyamarar Nikon na tun 1959 ne, don haka tsofaffin gilasai da yawa suna shiga daram, kuma ga su da araha. Ya ɗauko ɗaya ya juya gindinsa, ya nuna wata 'yar tsaga kamar kan kusa. Irin wannan gilashin ba shi da injin saita hoto a cikinsa, da injin kyamara yake dogara, su kuwa D3300 da 'yan uwanta ba a sa musu wannan injin ba. Zai shiga, zai ɗauki hoto, amma da hannu za ka riƙa saitawa. Sai wanda aka rubuta wa AF-S ko AF-P, ko na wasu kamfanoni masu injin kansu. Masu Canon sun huta da wannan, domin tun 1987 kamfanin ya mayar da injin cikin gilashi.

Ƙarfe 4 na yamma ne a Tokiyo, ƙarfe 8 na safe a Kano. Na kira yaron. Na ce ya buɗe hotunan bikin da ya yi na ƙarshe ya gaya mini nawa ne ya yi takaicin rashin nisa a cikinsu, nawa kuma duhu ya ɓata. Ya yi shiru ina jin ƙarar danne-danne. Can ya ce, “Kawu, gaskiya duhu ne. Nisa kam da ƙafata nake matsawa.” Na ce to ga abin da mai shago ya ce. Ya ɗan yi jim, don ya daɗe yana mafarkin dogon nan, sannan ya ce in sayo gajeren.

Kafin a naɗe, dattijon ya cire marfi biyu, ya kunna 'yar tocila ya haska ta baya, ya miƙo mini in leƙa ta gaba. A cikin hasken na ga ɗigon ƙura uku ko huɗu suna ƙyalli, daidai yadda takardar ta faɗa. Don in gane bambanci, ya jawo wani daga kwandon da ke bakin ƙofa, inda ake zuba kayan da suke kira janku, waɗanda ba garanti ba mayarwa. A cikin wannan akwai wasu fararen zare sun bazu daga gefe kamar saƙar gizo. Ita ce fumfunar. Daminarsu ta watan Yuni da Yuli tana zuwa da laima mai yawa, shi ya sa masu kyamara a ƙasar suke ajiye kayansu a wani ƙaramin kabad mai busar da iska. Na ce masa mu a wajenmu ƙura ce abokiyar gaba, na kwatanta masa hunturu, yadda gari ke yin fari har rana ta koma kamar faranti. Ya saurara da kyau, sannan ya sake ɗaukar dogon gilashin ya kara gindinsa kusa da kuncina ya murɗa. Na ji iska ta huro. Duk zum mai miƙewa haka yake numfashi, yana zuƙar iska yana fesarwa, kuma gwargwadon tsawonsa gwargwadon abin da yake zuƙa. Ya ce a gaya wa yaron kada ya sauya gilashi a fili, in ya zama dole ya kifa bakin kyamarar ƙasa.

Na miƙa fasfo aka cire mini harajin kashi 10 da ake yafe wa baƙi. Ya goge gilashin da farin ƙyallensa, ya naɗe shi a leda mai kumfa, ya ninke 'yar takardar aibin ya sa a cikin jakar tare da rasit. Ya ƙara da wata 'yar robar hura iska, ya ce ta ƙura ce, kyauta. Muna saukowa daga matakala muka yi kiciɓis da wani saurayi rungume da jaka, ya kawo kyamarar da ya ce ta kakansa ce a yi mata kuɗi. Muka karkace ya wuce.