Mazara: Garin Italiya da Sunansa Ya Shiga Zaurukan Malamanmu

Ya mai karatu, in ka taɓa zama gaban malami ana jan Muhtasar, ba mamaki sunan Imam Almaziri ya ratsa kunnenka. Yana cikin malamai 4 da Shehu Halilu ya ware a gabatarwar littafinsa, ya ba kowannensu kalmar da za a gane ra'ayinsa da ita. Sai dai ba kowa ya san cewa wannan suna na wani gari ba ne, kuma garin yana nan har gobe a ƙasar Italiya. Sunansa Mazara del Vallo, a kudu maso yammacin tsibirin Sikiliya, cikin lardin Tarafani. Mazaunansa kimanin 50,000 ne, kuma tsakaninsa da gaɓar Tunisiya bai kai kilomita 200 ba.

Asalin garin mashigin jiragen ruwa ne a bakin kogin Mazaro, inda fataken Finikiya ke sauke hajarsu. Daga baya ya shiga ƙarƙashin Selinunte, birnin Girkawa da ke maƙwabtaka da shi. A shekara ta 409 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) rundunar Kartaj ta ci shi a hanyarta ta zuwa rusa Selinunte. Da yaƙin farko tsakanin Kartaj da Rum ya ƙare a 241, yammacin tsibirin ya koma hannun Rumawa. Bayansu ƙabilun Bandal da Got suka riƙe shi, sannan a 535 bayan haihuwar Annabi Isa daular Rum ta Gabas ta karɓe tsibirin.

Babban sauyi ya zo a 827, wato 212 bayan Hijira. Wani kwamandan jiragen Rumawa mai suna Yufemiyus ya yi wa sarkinsa tawaye, ya tsallaka Ifrikiya neman gudummawa. Sarkin Aglabawa, Ziyadatullahi na Farko, ya shirya runduna, ya ɗanka ta ga Asad ɗan Furat, alƙalin Ƙairawan. Asad ba baraden fama ya tashi ba, malami ne da ya yi karatu gaban Imam Malik a Madina, kuma littafinsa Asadiyya ne Sahnun ya gyara har ya zama Mudawwana. Yana kusan shekara 70 ya taso daga Susa, ya sauka Mazara cikin watan Yuni. Bai daɗe ba, domin annoba ta ɗauke shi a 828 yana kewaye da birnin Sirakusa. Amma ƙofar da ya buɗe ba ta rufe ba: an ci Falermo a 831, Sirakusa kuwa sai 878.

A wannan zamani Mazara ta bunƙasa. Noman rani ya kankama a tsibirin, lemo da auduga da rake suka yaɗu, jiragen fatauci suka dinga kai da komo zuwa Afirka ta Arewa. Ɗaya daga yankuna 3 da aka kasa Sikiliya ya ɗauki sunan Mazara, kuma an ci gaba da aiki da wannan rabo har farkon ƙarni na 19.

To, yaya aka yi wannan mulki ya suɓuce? Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da gidan sarautar Kalbawa ya raunana a tsakiyar ƙarni na 11, hakimai suka kasa tsibirin, kowa ya zama sarkin kansa. Ɗaya daga cikinsu, Ibn Sumna, ya sha kashi a hannun abokin gabarsa Ibn Hawwas, sai ya kira mayaƙan Norman su taimake shi, tamkar dai yadda Yufemiyus ya kira Aglabawa. Suka shigo a 1061. A 1072 Mazara ta faɗa hannun Roja na Farko, wanda ya gina mata ganuwa, ya kuma mai da ita mazaunin bishof a 1093. Musulmi sun ci gaba da zama a tsibirin, har Al'idrisi ya rubuta wa Roja na Biyu littafin yanayin ƙasa a 1154, ya ambaci Mazara a ciki. Amma daga shekarun 1220 Sarki Farederik na Biyu ya kwashe su zuwa garin Lucera, kuma a 1300 aka tarwatsa wannan zango.

A shekarar da Norman suka shigo, wato 1061, aka haifi Almaziri. Ya rayu a Mahdiyya ta Tunisiya, ya yi sharhin Sahihu Muslim, ya rasu a 1141, kabarinsa yana Munastir. Sarautar da zuriyarsa ta baro ta shuɗe, sunan garin kuwa ya bi littattafai, ya ratsa Sahara, ya iso zaurukanmu.

Mazara ta ci gaba da sauya iyayen giji, daga Aragon zuwa Isfaniya zuwa gidan Burbon. A watan Mayun 1860 Garibaldi ya sauka Marsala, maƙwabciyarta, kuma a 1861 aka kafa Italiya haɗaɗɗiya. A ƙarni na 20 su ya zama abin dogaron garin, jiragensa na kamun kifi suka shiga sahun gaba a ƙasar. Daga ƙarshen shekarun 1960 ƴan Tunisiya suka fara zuwa aikin jiragen, da yawansu kuwa daga Mahdiyya, garin da Almaziri ya rayu. Suka zauna a tsohuwar unguwa mai ƙananan lunguna da ake kira Kasba. Sana'ar tana da hatsari: a 2020 an tsare masunta 18 na jiragen garin, Italiyawa da baƙi tare, kwana 108 a Bengazi ta Libiya, saboda rigimar iyakar ruwa.

Iyaye, wannan labari ne da ya cancanci a ba yara bayan sallar isha'i. Sau biyu rikicin cikin gida yana miƙa tsibirin ga baƙo, masu takobi duk sun wuce, amma har yau ana ambaton malamin da ya ɗauki sunan garin. Allah Ya haɗa kawunanmu, Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.