Wa Ya Taɓa Ginin Rumbun Bayanai?

A da, masu kula da rumbunan adana bayanai sun fi damuwa da abin da ake zubawa a ciki. Yanzu hankali ya koma kan ginin rumbun kansa: wa ya ƙirƙiri sabon tebur, wa ya rushe tsoho, wa ya sauya ginshiƙi da tsakar dare. Dabarar da ta yaɗu ita ce dasa tiriga, wato ɗan umarni da ke tashi da kansa da zarar an taɓa tsarin, ya rubuta sunan mai aikin, lokaci, da umarnin da ya bayar.

Dalilin farko doka ce. Bayan durƙushewar kamfanin Enron a 2001, Amurka ta kafa dokar Sarbanes-Oxley a 2002, masu binciken kuɗi suka fara neman hujjar kowane sauyi a manhajojin lissafi. Na biyu, kayan aikin sun samu: Microsoft ya kawo irin wannan tiriga a SQL Server 2005, PostgreSQL ya biyo baya a siga ta 9.3 a 2013. Na uku, hannaye sun yi yawa. Rumbun da mutum ɗaya ke riƙewa a da, yau injiniyoyi barkatai ke taɓa shi.

Amfanin a fili yake. Idan manhaja ta tsaya cik da safe, ba sai an yi ta nuna wa juna yatsa ba, a duba rajista kawai. Tiriga na iya ma hana rushe tebur tun kafin ɓarna ta auku.

Sai dai akwai gyara. Tirigar da aka rubuta da kuskure kan toshe halattaccen aiki, domin idan ta faɗi, umarnin ma ya faɗi. Idan aka janye aikin, abin da ta rubuta yakan tafi tare da shi. Mafi muni, mai cikakken iko kan rumbun zai iya kashe ta, ya yi abin da ya ga dama, ya sake kunna ta. Mai gadi dai ba ya kama maigida.

Saboda haka tiriga ita kaɗai ba ta isa ba. Duk ma'aikatar da ke son shaida mai ƙarfi, ta riƙa tura rajistar zuwa wata na'ura daban wadda mai kula da rumbun ba shi da mabuɗinta.